Kada Ki Janye Hannunki, Luba

Bodinga,
ranar Laraba.

Zuwa ga ɗiyata Lubabatu,

Ina gaishe ki gaisuwar uwa, wadda ba ta jiran a amsa mata. Allah Ya sa takardar ga ta ishe ki cikin ƙoshin lafiya, motar da ta kwashe ku ta sauke ku Kano ba faci ba ciwon kai. Allah Ya tsare gabanki da bayanki, Ya haɗa ki da malamai masu haƙuri da abokan kwana masu tsoronSa, amin.

Na cusa takardar ƙarƙashin zannuwanki don kada ki gan ta sai kin sauka. Ba labarin gida ke ciki ba. Jiya-jiya kinka bar mu, akuya ba ta haihu ba, katanga ba ta faɗi ba. Ki yi haƙuri da rubutun. Shekara uku kacal na yi a ajin 'yan mata na Sakkwato, hannuna ya fi sabawa da ƙulle zane bisa riƙon alƙalami. In kin ga harafi ya kwanta, ki tashe shi.

Na san abin da ke ranki. Tun ranar da motar majigi ta zo Bodinga ta nuna wasan makarantu, inda 'yan mata sunka jeru da kaya iri ɗaya suna tafi suna waƙa suna zuga 'yan tserensu, har sunka ɗauki ta gabansu sunka cilla sama, ba ki sake barin kunnenmu ya huta ba. Kin ce makarantar da za ki tana da irin wannan ƙungiya, kuma mutum ɗaya tak ake zaɓa ta shige gaba, ita ke ba da waƙa, ita ake cillawa. Kin ce ke ce ko ba kowa ba. Ban hana ki ba, kuma ba zan hana ki ba. Da Baffanki ya tsuke fuska ya ce wannan ai rawa ce, na ce masa, "Ranka ya daɗe, gaɗa ce ta shiga boko. Ko uwarmu ta yi ta, ba ta hana ta sallah ba." Ya yi tsaki ya ƙyale ni. Wannan na sha miki shi.

Abin da ya sa na zauna rubutu daban ne. Ranar Jumma'ar da ta wuce, bayan la'asar, kuna gwaji ƙarƙashin dogon yaron bayan gida, ke da ƙawayenki da Ige, ɗiyar Kulu ta Shagari, wadda za ku makaranta ɗaya da ita. Ina bakin danga ina tsince wake. Ige ta fita, ta juya, ta yi tsalle, kuma gaskiya ɗaya ce, tsallenta ya fi naki. Ta saki jiki ta faɗo da baya. Ke ce a tsakiyar masu cafewa. Na ga hannunki ya ja baya, bai kai faɗin yatsa biyu ba. Na gefe sunka tare ta, anka yi shewa, ba wanda ya lura. Ni na lura. Shekara da shekaru ina dillanci tsakanin kasuwar Bodinga da ta Shagari, abincina ke nan, ganin babban yatsan da aka ɓoye cikin mudu.

Ban yi miki magana a lokacin ba don na san ki. Da kin rantse, da kin yi kuka, da mun rabu da fushi. Takarda kuwa ba a yi mata musu. Zan faɗa miki wautar da na tafka a wannan hanya da kike son bi, ki ɗauki wadda ta yi miki.

Ina kamarki ni ce zabiyar 'yan matan unguwarmu, wato mai ba da waƙa saura su amsa. Murya gare ni kamar an fasa kwano. Wata kaka anka yi kokawa a Danchadi, munka raka ɗan kokawarmu, Mamman Gajere. Maimakon in wasa namu, sai na juya kan na Danchadi. Na ƙaga waƙa a tsaye, na ce uwarsa ruɓaɓɓiyar albasa take sa wa a ƙasan kwando, ta sama kawai ke da kyau, shi ma haka yake. Fili ya kwashe da dariya, kaina ya yi girma. Mutumin nan ya dube ni sau ɗaya. Da anka saki ganga ya ɗauki Mamman kamar damin gero ya nana da ƙasa. Ni na hura wutar, Mamman ya ƙone. Abin da ya fi muni, da ya faɗi sai munka yi tsit, kowacce ta ja gyalenta, munka bar shi ya kakkaɓe ƙasa shi kaɗai. Bayan kwana biyu ya ishe ni bakin rijiya ya ce, "Tumba, da ina tsaye ba ni bukatar waƙarki, ganga ta ishe ni. Da na faɗi na nemi muryarki, ban ji ba."

To ki riƙe wannan. Aikinku ɗaga naku, ba tsinka na wasu ba. Zambo yana da daɗi a baki, amma ƙarfi yake ƙara wa wanda aka yi wa. Kuma ranar da 'yar tserenku ta zo ta ƙarshe tana haki, kowa ya juya ga wadda ta ci, ranar ce aikinki ya fara. Wadda ta yi nasara tana da masu tafi har da waɗanda ba ta sani ba.

Sai maganar silima, wadda na san za ki so ji, don kin sha tambayata ina kaucewa. E, na shiga. Ba sau ɗaya ba. Lokacin da marigayi babanki ke kai shanu Ikko, mun zauna can shekara biyu kina goye. Maƙwabciyarmu wata Bayarabiya ce mai sayar da atamfa, ita ta koya mani ciniki, ita ta koya mani silima. Akwai wanda ake nunawa da rana cikin ɗaki mai rufi. Sai in ce wa babanki za ni barka. A wata uku na je barkar haihuwar da ta fi yawan matan unguwar.

Luba, ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Ba na jin Turancinsu sai tsinci-tsinci, amma ba a bukata. Mutum yana cikin magana, sai maganar ta yi masa kaɗan, sai ya kama waƙa, titi duka ya amsa masa, har mai shara da ɗan sanda. Maza da baƙaƙen kwat suna buga ƙasa da takalma masu ƙarfe a ƙasa, ƙafa tana magana kamar kalangu. Mata wajen arba'in suna saukowa daga matakala, ƙafar hagu ɗaya, ta dama ɗaya, kamar mutum guda anka yanka arba'in. Daga baya, da na fara zuwa Kano sarin kaya, na ga na Indiya, waɗannan ma sun fi kama da mu: 'yan mata da tulu a ka, gona, biki, uwa mai kuka. Wanda ya ce miki abin banza ne, ko bai gani ba, ko ya gani yana ɓoyewa.

Na faɗi haka da hujja. Wata rana ina daka ina rera wata waƙar da na kwaso can, na kai tsakiya na manta sauran. Sai na ji an ƙarasa mani ita daga zaure, tsaf, har da ɗan karin da ke ƙarshe. Babanki ne. Na saki taɓarya. Ya leƙo yana gyara hula ya ce, "Wannan jaririn da kuke ta yi wa barka, ashe ya iya waƙa." Na ce, "Malam, kai kuma a wace majalisar malamai ka koyo ta?" Munka dubi juna, ba wanda ya iya riƙe dariya. Amma da dariyar ta wuce ya faɗa mani maganar da ta zauna mani. Ya ce ba shigata ta dame shi ba, iya ƙaryata ce ta ba shi tsoro, don wata uku bai ga ko gezau a fuskata ba. Daga ranar, in na ce za ni unguwa sai ya ɗan yi jim kafin ya ce a dawo lafiya. Wannan jim ɗin bai bar shi ba har ya koma ga Allah.

Saboda haka in kina son abu, ki so shi da rana tsaka. In makaranta na kai ku kallo, ki bi sahu. In ba ta kai ku, ki roƙa, ki jira hutu, ki nemi babba ya raka ku. Kada ki haura katanga, kada ki ƙago ciwon haƙori. Ƙarya bashin da ba a gama biya ce, kuma ni na fi ki iya ta, ban ci riba ba.

In kin samu shiga, ga yadda ake kallo, don shi ma sai an koya. Kallon farko na ido ne, ki bar shi ya more, ki bi tauraruwar da kayanta da murmushinta. Ki ɗauki waƙar da tsarin jeruwar, ki bar musu guntun siket ɗinsu, garinsu daban namu daban. Amma in kin sake ganin wannan fim ɗin, ki bar ta gaba, ki dubi na baya. Ni sai a zuwa na uku na yi haka, shi ma don wani dogo ya tare mani tsakiyar allon. Akwai wurin da matar ke hawa can ƙolin matakala, ta buɗe hannuwa, ta faɗo da baya ko waige babu, mutum huɗu su cafe ta. Sau biyu ina tafa mata. A na uku na dubi mutanen nan huɗu. Kowa a fim ɗin yana yi wa 'yan kallo murmushi, ban da su. Idonsu na kan bayanta tun kafin ta hau. Ba wanda ya san sunansu. Ranar ban ga ƙarshen fim ba, na bar Bayarabiyar ciki, na fito da ke a baya na zauna bakin kwata.

Ga dalili, kuma shi ne abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, har babanki, sai cikin makon ga.

Kin san Kulu uwar Ige tana ɗingishi. Kin taso kina jin an ce faɗuwa ta yi wurin gaɗa tana budurwa. Gaskiya ne. Ba a dai faɗa miki wa ke tsakiya ba.

Kulu 'yar Shagari ce, anka kawo ta Bodinga wurin goggonta muna 'yan shekara goma sha huɗu. Tare muke ɗiban ruwa, tare muke tallan fura, zane ɗaya muke karɓa-karɓa ranar Sallah. Kafin ta zo ni ce gaba a kome. Da ta zo, murya dai na fi ta, amma tsalle sai dai in kalla. In ta tashi sama sai ki ce ba ta da niyyar dawowa. Anka yi wani biki a Sifawa, munka tafi mu goma sha biyu. Da la'asar anka share fili ƙofar gidan amarya, munka ja rabin da'ira muna tafi. Na fita na yi nawa, anka yaba daidai gwargwado. Kulu ta fita, tsofaffi sunka rangaɗa guɗa, wata gwaggon amarya ta cire ɗankwalinta ta ɗaura mata, tana cewa yau ta ga gaɗa. Anka ce ta sake. Ni ce a tsakiya, don ta tsakiya ke ɗaukar nauyin, kuma Kulu ba ta yarda kowa ya tsaya nan sai ni.

Ban yi niyyar karya ta ba. Na sha faɗa wa kaina haka, kuma gaskiya ne, kuma bai gyara kome ba. So nake ta ɗan zame, zanenta ya kwance, a yi mata dariya, ɗankwalin nan ya faɗi ƙasa. Na ja hannuna baya kamar yadda kinka ja naki. Bambancin kawai, na gefena ƙanana ne, ba su iya riƙe ta ba, kuma akwai guntun turmi da anka bari a gefen fili. Ƙugunta ya same shi. Ƙarar da na ji har yau in ana fasa ice sai na juya kai.

A bisa jaki anka kai ta wurin mai ɗori a Lambara. Wata huɗu tana kwance. Ni na fi kowa kuka, har mutane na cewa ga ƙawa ta gari. Aka ce tsautsayi, na ce tsautsayi.

Yanzu ki saurari abin da ya same ni, don na san a shekarunki tausayi ba ya kama mutum kamar hasara. Da Kulu ta kwanta fili ya zama nawa, ba mai ja da ni. Biki na gaba na fita, na juya, na zo faɗuwa, sai jikina ya ƙi. Na waiga. Na lanƙwasa gwiwa, na faɗa kamar buhun da ake saukewa daga mota. Anka yi dariya, na ce jiri ne. Na sake gwadawa wani bikin, haka. Ban sake iya sakin jiki ba har na yi aure, don na riga na san abin da hannu ke iyawa. Wadda ta taɓa janyewa ba ta sake yarda da na bayanta. Gaban da kike nema, Luba, da baya ake faɗa masa, ido a sama. In kin saki Ige don ki samu wurin, za ki same shi ki kasa tsayawa a cikinsa. Ni na gwada miki, ba sai kin maimaita ba.

Da na ga hannunki ranar Jumma'a, na kwana biyu ina tuna Kulu. Ran Litinin na bi motar albasa zuwa Shagari, ba kaya a kaina. Na ishe Kulu a tsakar gida tana kaɗi, ƙafar nan a miƙe.

Ta ce, "A'a, Tumba, yau ba kaya? Ko kin tuba da cutar bayin Allah?"

Na ce, "Magana ta kawo ni."

Ta ce, "To zamna. In rance ne, kin ɓata kuɗin mota."

Na zauna. Ni da ke sayar wa makaho madubi, sai ga ni ina kame-kame. Na dai daure na faɗa mata duka, tun daga ɗankwalin har turmin. Ba ta daina murza mazari ba har na gama.

Ta ce, "Na sani."

Na ce, "Tun yaushe?"

Ta ce, "Tun ina sama. Mai faɗuwa ba ta gani, amma bayanta na ji. Wurin da hannunki ya saba tarbe ni, nan na ji iska." Ta naɗe zaren ta ƙara da cewa, "Ko da ban ji ba, ai kin faɗa mani da kanki. Shekara nawa kina jido mani man zafi, na Ikko, na Kano, har da wani mai wari awa mushen jaki? Mutum ba shi yi wa ƙugun wani hidima haka sai in shi ya karya shi."

Na ce, "To mi ya hana ki faɗi?"

Ta ce, "In faɗa ma wa? Su sake ɗora ni? Kuma da na faɗi, da man zafi ya ƙare."

Ta yi dariya, ni na kasa. Na ce ta yafe mani. Ta ci gaba da kaɗinta. Sannan ta tambaye ni abin da ya sa sai yau, bayan furfura ta fara fito mana. Ban ɓoye mata ba, Luba. Na faɗa mata abin da na gani ƙarƙashin dogon yaro. Na san za ki ji zafin wannan, ki ji. Ɗiyarta ce, tana da hakkin sani.

Nan ne ta ajiye mazarin. Ta ce, "Ƙafata tawa ce, na yafe miki ita tuni, ko don in samu barci. Amma Ige ba ta da uwa a Kano, ba ta da mai ɗori a Lambara. Jiya tana ɗaure akwati tana ce mani, 'Inna, kada ki damu, Luba na bayana.' To sai ki faɗa mani, in bar ta ta tafi da wannan magana, ko in kira ta in ce ta nemi wata ta tsaya mata?"

Na ce, "Ki bar ta da ita."

Ta ce, "Kin tsaya wa ɗiyarki?"

Na ce, "Na tsaya."

Ta ce, "In ɗiyarki ta sake ta, Tumba, wannan ba ni yafewa, har gaban Allah."

Na ce na ji. Ta kira a kawo mani fura, munka koma zancen tsadar gishiri.

To kin ji inda aka kwana. Ige ba ta san kome ba, kuma ba ni ce zan ce ki faɗa mata ko ki bari ba, kin yi hankalin da za ki auna. Ki nemi gaban nan da duk ƙarfinki. Ki tashi kafin kowa ki yi gwaji, ki sha ruwan ɗumi don murya, ki fi ta in kina iyawa, zan fi kowa murna, har guɗa sai na yi a kasuwa. In kuma ita anka zaɓa, ki shiga ɗaki ki yi kukanki, ki wanke fuska, ki fito ki ce ke za ki tsaya a tsakiya. Tun da nake dillanci ban taɓa tsaya wa kayan da ban juya ciki da baya na duba ba. Ke kam na ga aibin da idona, na kuma tsaya miki a gaban matar da na gurgunta. Ban da wani abin da zan sake kai mata in kin kunyata ni.

Allah Ya kiyaye ki daga sharrin mutane, Ya kiyaye mutane daga naki. Ya tsare ƙafafunku ke da Ige, Ya ba ku ilimi mai amfani, Ya maido mana ku biyu kuna tafiya daidai. Ki riƙe sallah a kan lokacinta. Ki gaishe mani da Ige, ki ce Innarta ta Bodinga na sa mata albarka.

Ni ce mahaifiyarki,
Tumba.